Yadda Ake Zaɓar Yashi da Dutse Don Tankin Kifin Siklid a Kaduna

Masu sha'awar kiwon kifin ado a Kaduna sun daɗe suna maimaita tambaya ɗaya: in mutum ya sayi tankin gilashi zai saka siklid, wane yashi zai shimfiɗa, wane dutse zai jera, kuma dole ne sai an yi odar su daga Legas? Ba dole ba ne. Yashin kogi da dutsen kwari, wato giranait da ake fasawa don gini, na nan gida suna yin aikin sarai, muddin an tantance su, an wanke su, an kuma gyara ruwan da wani abu mai alli. Abin da ke kashe kifi ko fasa gilashi yawanci rashin bin matakan ne a jere. Duk lissafin da ke ƙasa an yi shi ne a kan tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wanda ke cin kusan lita 240.

1. San irin kifin kafin ka sayi komai

Siklid dangi ne babba, karfasar da ake soyawa a bakin kasuwa ma 'yar gidan ce. Waɗanda ake sayarwa don ado yawanci daga tafkin Malawi da na Tanganyika suke, kuma ruwan waɗannan tafkuna mai alli ne. Na Malawi suna son pH, wato ma'aunin da ke sauka in ruwa ya yi tsami ya hau in ya yi alli, tsakanin 7.8 da 8.6, na Tanganyika kuwa har ya fi haka, yakan kai 9.

Mbuna na tafkin Malawi, irin su rawayan nan da masu ratsin shuɗi, 'yan cikin duwatsu ne. Kowane namiji yana kama kogonsa ya tsare. Su ne masu buƙatar dutse mai yawa. Waɗanda masu sayarwa ke kira pikok kuma a saman yashi suke kiwo: su ɗebi yashi da baki, su tace abinci, su fitar da sauran ta gefen kunnuwansu. Waɗannan fili suke so da yashi mai laushi, dutse kaɗan ya ishe su. Akwai kuma 'yan ƙananan Tanganyika da ke kwana a cikin katantanwa, su yashi da ƙwanso biyu ko uku ga kowane kifi ne buƙatarsu.

Gargaɗi: ba kowane siklid na Afirka ne ke son ruwan alli ba. Kiribensis, wanda asalinsa rafukan kudancin Najeriya ne, ruwa mai sauƙi, mai ƙarancin alli, yake so. In shi za ka ajiye, ka tsallake duk maganar ɓawon kawa da dutsen alli da ke gaba.

2. Gwada ruwan gidanka

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan bai sani ba, domin ruwa mai tsami da mai alli duk garau suke a kofi. Ka nemi kayan gwajin pH na ɗigo, da na KH, mai auna ƙarfin allin da ke hana pH sauka, in ka samu. Na ɗigo ya fi na 'yar takarda faɗin gaskiya.

Ɗebi ruwan da za ka riƙa amfani da shi kullum, na famfo ne ko na burtsatse ko na 'yan ga-ruwa, ka zuba a bokiti a buɗe ya kwana, sannan ka gwada. Ruwan burtsatse yana fitowa da iska mai tsami a jikinsa, sai ya sha iska take fita, pH ɗin ya ɗan hau. Wanda ya gwada nan take zai samu lamba ta ƙarya.

Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ba ya narkewa ya ba ruwa alli, shi ya sa ruwan rijiyoyinmu sau da yawa yake fitowa da pH ƙasa da 7.5 da KH mara ƙarfi. In naka haka yake, dole a samu abu mai alli a tankin. In ya kai 7.8 da kansa, ka huta, yashin kogi da dutsen kwari kawai sun wadatar.

3. Zaɓi yashi

Nan ne ya kamata a tsaya, domin yashi shi ne abin da kifin zai riƙa sakawa a baki daga safe har dare. Ƙwayar da ake nema tsakanin rabin milimita ne da milimita ɗaya da rabi, kamar ƙwayar sukari mai ɗan girma, kuma mai santsi, ba mai kaifi ba.

Yashin kogi shi ne mafi araha. Ba sai ka kira tifa ba, ka je inda ake buga bulo ko inda masu yashi ke jibge shi, su auna maka da kwanon sarki. Ka tambayi inda aka ɗebo shi. Wanda aka kwaso daga sama da gari ya fi wanda aka kwaso a ƙasan unguwannin masana'antu ko kusa da inda manyan kwatoci ke zuba a kogi. Ka guji yashin filasta mai laushi kamar gari: laka ta yi masa yawa, yana tashi da zarar kifi ya kaɗa wutsiya, kuma yana danƙarewa iska ta kasa shiga.

Yashin tace ruwa, wanda masu kayan wurin ninƙaya da masu kayan masana'antar fiya wata ke sayarwa a buhu, ya fi na kogi tsada amma ƙwayarsa ɗaya ce, wankinsa ba wuya. In aljihu zai ɗauka, wannan shi ne zaɓin da ya fi hutar da rai.

Yashin murjani da na aragonait na shagunan kifi suna ɗaga pH da kansu. Suna da kyau, sai dai kuɗinsu da na dakonsu yakan ninka na sauran sau da yawa, kuma ɓawon kawa zai yi maka aikinsu, kamar yadda za a gani a mataki na 8.

Kafin ka biya, yi gwaji uku a wurin. Murza yashin tsakanin tafukanka da ƙarfi, in yana kartar fata to zai karci bakin kifi. Zuba kamar yatsa uku a gorar ruwa ta roba, cika da ruwa, girgiza, ka ajiye: yashin kirki yana kwanciya cikin minti ɗaya, in kuwa ruwan ya tsaya ja kamar kunun kanwa, wanki zai wahalar da kai. Na uku, ka ja maganaɗisun tsohuwar sifika a cikinsa. In baƙin gari ya lulluɓe shi, ka bar wannan yashin, domin wannan garin ne ke maƙalewa a abin goge gilashi mai maganaɗisu ya zana maka layi a gilashin gaba.

Gargaɗi: garin dutse na kwari ba yashi ba ne. Inji ne ya fasa shi, ƙwayarsa kamar tsinken gilashi take. Haka ita ma tsakuwar nan mai fenti ja da kore: fentin yana ɓarewa, kifin ba ya iya haƙa ta, ragowar abinci kuma na faɗawa tsakaninta ta ruɓe. Sannan kada ka shiga kogi da kanka don ɗiban yashi. Da damina ruwan Kogin Kaduna ba abin wasa ba ne, da rani kuma kududdufan gefensa na iya ɗauke da tsargiya.

Game da launi, fari fat yana nuna kowane ɗigon kashi, kuma wasu kifayen kan koɗe a kansa. Ruwan ƙasa-ƙasa irin na yashin koginmu ya fi fito da shuɗi da rawayan mbuna.

4. Lissafa yawan yashin

Kaurin santimita 3 ya isa, kada ya wuce 5. Ninka tsawo da faɗi da kauri, ka raba da 1,000, ka samu lita. Lita ɗaya ta busasshen yashi kusan kilo ɗaya da rabi ce. A tankinmu: 120 sau 45 sau 3 ya ba da 16,200, wato lita 16 da ɗan ɗoriya, kusan kilo 24. Bokiti mai lita 20 da bai gama cika ba ke nan. In na kogi ne ka sayi ninki biyu, domin rabinsa zai tafi a tankaɗe da wanki.

Gargaɗi: yashi mai zurfi ba gata ba ne. Ƙasansa iska ba ta kaiwa, dattin da ya nutse sai ya ruɓe ya yi baƙi, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ranar da kifi ya tono wurin, gubar ta bazu a ruwa. Kuma kada a zubo yashin a tsohon buhun siminti ko na takin zamani, a nemi buhun shinkafa ko na masara.

5. Tankaɗe ka wanke

Shanya yashin a rana a kan leda mai tsabta har ya bushe ƙarau, kwana biyu ko uku. Ranar na kashe matsattsaku da ƙwan katantanwa da suka biyo shi, kuma jiƙaƙƙen yashi ba ya tankaɗuwa. Fara da ragar sauro irin ta taga: abin da ya tsaya a sama, tsakuwa da itace da fasasshiyar kwalba, a zubar. Abin da ya wuce sai a sake tankaɗe shi da rariyar gari. Wannan karon wanda ya tsaya a kan rariyar shi ne naka, ƙurar da ta zube ƙasa a share.

Wanki kaɗan-kaɗan ake yi. Zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, cika da ruwa, cusa hannu har ƙasa ka juya sosai, ka ƙirga biyar, ka tsiyaye ruwan sama. Maimaita har sai ka juya ka hango yatsunka a cikin ruwan. Na kogi yakan ci zubi goma zuwa ashirin, na buhu bai kai haka ba. A ƙarshe ka kwarara masa tafasasshen ruwa, ka bar shi ya huce. Ruwan wankin yana da yawa, a zuba shi ga shuka.

Gargaɗi: babu sabulu, babu omo, kuma bokitin da aka taɓa jiƙa wanki ko haɗa maganin feshi a cikinsa bai halatta ba. Wanda ya yi ƙyuyar wanki yana cewa filta za ta tace, zai kwashe makonni yana kallon ruwa kamar koko.

6. Zaɓi dutse

Dutsen kwari, wato giranait, irin wanda ya cika ƙasar Kujama da Kajuru, ba ya canza ruwa ko kaɗan, ba ya marmashewa, kuma ana samunsa wurin masu sayar da dutsen fandisho. Aibinsa biyu ne: nauyi da kaifin baki. Ka zaɓi waɗanda suka daɗe a waje gefunansu suka dushe, ko ka bi kaifin da guduma da dutsen wasa wuƙa. Mbuna suna kora juna da gudu cikin ramuka, baki ɗaya mai kaifi ya isa ya tsiyayar da ido. Mulmulallun duwatsun rafi sun fi kowanne lafiya ga jikin kifi, sai dai suna zamewa in aka ɗora su kan juna, don haka a jera su a ƙasa kawai.

Dutsen alli, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, yana ɗaga pH a hankali, don haka alheri ne ga kifin Malawi da Tanganyika. Ana gane shi da ruwan khal: kankare jikin dutsen da ƙusa, ɗiga masa, in ya yi kumfa yana 'yar ƙara to akwai alli.

Waɗanda za a bari a inda aka gan su: jar marmara, domin tana marmashewa ta rina ruwa, duk dutse mai tsatsa, ko mai jijiyar kore ko shuɗi, ko mai ƙyallin ruwan zinariya, domin alamar ƙarfe ce ko tagulla, guntun bulo da kankare, waɗanda ke harba pH sama fiye da kima, da dutsen da aka tsinto a garejin makanikai ko gonar da ake yi wa feshi. Kututturen icen ado ma ba na wannan tankin ba ne, yana tsamama ruwa.

Ka haɗa girma uku, kuma duk iri ɗaya, launi ɗaya: manya uku ko huɗu kamar kan mutum, matsakaita kamar kwakwa, da 'yan fale-fale na rufin kogo. Tankin mbuna zai ci kilo 35 zuwa 45, na pikok rabin haka. Sau da yawa kuɗin Keke Napep ɗin da zai kawo su gida ya kusa kai kuɗin duwatsun.

7. Wanke dutsen ka jiƙa shi

Goge kowanne da buroshi mai ƙarfi da ruwa zalla. In daga rafi ya fito ko yana da gansakuka, jiƙa shi minti talatin a bilic mara ƙamshi, kashi ɗaya cikin ruwa kashi ashirin, ɗauraye sau da yawa, ka shanya a rana kwana biyu har warin ya ɓace gaba ɗaya. Daga nan a zuba su a baho da ruwan da ka san pH ɗinsa, su yi mako guda. In ka ga maiƙo a sama, ko ruwan ya canza launi, ko pH ya sauka, akwai mugu a cikinsu. Raba su ka gano shi.

Gargaɗi: kada a dafa dutse a tukunya, kada a gasa shi. Ruwa ko iskar da ke cikin ƙofofinsa na iya sa shi ya tarwatse a fuskar mutum.

8. Tanadi ɓawon kawa

Masu sayar da kayan haɗa abincin kaji suna da niƙaƙƙen ɓawon kawa da tsakuwar dutsen alli da ake ba kajin ƙwai. Sinadarinsu ɗaya da murjanin shagon kifi, kuɗinsu kuma bai kama ƙafarsa ba. Ka karɓi zalla, wanda ba a gauraya da garin ƙashi ko wani abu ba, ka wanke har farin ruwan ya daina fita.

Ya fi aiki a cikin filta inda ruwa ke ratsa shi. Ƙulla shi a sabuwar safa ko 'yar raga, ka fara da kofin shayi ɗaya ga kowace lita 100, ka gwada bayan mako, ka ƙara in bai isa ba. Gauraya shi da yashi ma ana yi, amma ɓawon yana da kaifi, kifin kuma zai tono shi sama. Yawanci yana tsayar da pH a kusa da 8, abin da ya ishi na Malawi. Na Tanganyika za su so ƙari: ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda ta girki, ba sodar yin sabulu ba, ga lita 20 na sabon ruwa, a narkar a bokiti kafin a zuba.

Gargaɗi: kada a yi dabarar jefa kanwa. Ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana iya ɗaga pH farat ɗaya, kuma canjin gaggawa ya fi ƙarancin alli illa. A tuna kuma, ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta fi dafi a ruwa mai alli.

9. Dutse tukuna, yashi daga baya

Wannan shi ne matakin da kuskurensa ke fasa tanki. Siklid mahaƙa ne, namiji ɗaya na iya kwashe yashin gindin dutse a dare guda. In dutsen a kan yashi yake zaune, sai ya karkata, na samansa su gangaro kan gilashi.

Da fari duba teburin. Ruwa da gilashi da dutse da yashi sun haura kilo 300, nauyin buhun siminti shida. In za a ƙera maka na ƙarfe a Panteka, ka ce a sa ƙarfe mai kauri da ƙafa shida, a ɗora katako mai laushin fuska, sannan farin soson nan na kwalin firji tsakanin katakon da tankin. A sa ma'aunin magina a tabbatar bai karkata ba.

Yanki kwali daidai faɗin tankin ka gwada jerin a ƙasa, ka ɗauki hotonsa da waya. A cikin tankin, shimfiɗa farantin roba mai kauri ko ragar roba a inda duwatsun za su zauna, don kada tsinin dutse ya danne wuri ɗaya. Manya su fara sauka, kowanne ya zauna daram ba tare da an tallafe shi ba. Na sama ya taɓa na ƙasa a wuri uku. Bayan kowane ɗori ka tura da yatsa ta kowane gefe, in ya motsa a sake. Kada dutse ya jingina da gilashi, a bar tazarar da hannu zai shiga, domin matsattsen lungu nan kifi ke maƙalewa ya mutu ba a gani ba.

Ga mbuna, jerin ya kai rabin tsayin tankin ko fiye, tsibi biyu ko uku da fili a tsakani, ramuka su fi kifin yawa, wasu masu ƙofa biyu don wanda aka kora ya samu mafita. Amfanin tsibin shi ne ya tare ido: namijin da ba ya hango abokin gabansa ba ya bin sa. A bar kuma 'yan tsaguna ƙanana, domin uwa takan riƙe ƙwai a bakinta kusan mako uku, ranar da ta saki 'ya'yan nan za su ɓuya. Ga pikok, kashi biyu cikin uku na ƙasan ya zama yashi a buɗe. In jerin ya yi tsayi, a manne da silikon na tankin kifi, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba, a bar shi aƙalla kwana biyu ya bushe.

Sai yanzu yashi zai shiga, da kofi, ana tura shi kewayen duwatsun da cikin ramukan.

10. Zuba ruwa

Ɗora faranti a kan yashin ka riƙa zuba ruwan a kansa a hankali. In na famfo ne a sa maganin cire kulorin. Bar filta a kashe awa biyu ko uku ƙura ta kwanta, kuma bakin da ke zuƙo ruwa ya yi sama da yashi da santimita 10, in ba haka ba yashin da kifi ke furzarwa zai shiga ya cinye farfelar injin. Hita kada ta taɓa dutse ko yashi. Da hunturu za ka buƙace ta, domin kifin na son digiri 24 zuwa 28, daren Kaduna kuwa a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da haka nesa. Ɗan hazo na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Kifi kuma ba yau zai shiga ba: sabuwar filta tana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyar da ke cinye ammoniya ta kafu.

11. Kula da su bayan kifi ya shiga

Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Riƙe bakin mesa kamar santimita 2 sama da yashin kana ɗan kewayawa, datti zai tashi ya bi ruwa, yashi ya zauna. Bayan duwatsu da cikin ramuka nan kashi ke taruwa, a hura shi waje da ƙaramar mesa kafin a zuƙe. Inda kifin ba sa tonawa a bi da yatsu a motsa, amma ba ranar da aka ɗauke wuta ba, domin filta a tsaye take kuma iska ta riga ta yi ƙaranci a ruwan.

Ramukan da suka haƙa da tsibin yashin da suka tara a gaban gilashi, ƙyale musu, in ka baje gobe za su sake. Koren gansakukar da ke fitowa a kan duwatsu ma kada a kankare, abincin mbuna ce, gilashin gaba kawai za a goge, kuma a ɗauraye soson kafin a kai shi kusa da yashi. Ɓawon kawa yana narkewa yana kuma yin yauƙi, don haka duk wata a gwada pH, a ɗauraye ƙullin da ruwan tankin, in ya ragu da rabi a cika shi.